Daga nonon ruga zuwa madarar leda: abin da saniya ta ci shi ke cikin ƙwarya

1/ Jama'a, yau zaren nawa kan nono ne. Na ga ana ta musu kan madarar "oganik" da ta gonar zamani, wacce ta fi gina jiki. Ku zo mu duba tarihin namu na Gusau, Tsafe da Bungudu, amsar tana nan.

2/ A da, saniyar yankin nan, Bunaji ce ko Rahaji ko Bokolo, ciyawar daji take ci da damina. Da kaka a sako ta gona ta ci kara da harawa. Bafulatani ya zauna a gonar manomi, shanu su zuba taki, manomi ya ba shi hatsi. Matan ruga su kawo nono da man shanu cikin gari.

3/ Sai auduga ta bunƙasa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Gusau ta zama cibiyar sayen auduga da gyaɗa. Angurya da ƙulinta da dusa suka zama abincin dabbar da aka ɗaure a gida, musamman da rani.

4/ A gefe guda madarar gwangwani ta shigo. Peak tana kasuwar Najeriya tun 1954. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayai, amma a hankali gonaki suka cinye burtali da wuraren kiwo da yawa. Daga wajen 2011 kuma satar shanu da rikici suka tarwatsa rugage a Zamfara.

5/ To me wannan ya yi wa nono? A nan ne binciken Turai ya yi mana amfani. A 2016 masana ƙarƙashin Jami'ar Newcastle ta Ingila suka tattara bincike 170 da suka gwada madarar oganik da ta gonar zamani.

6/ Sun samu madarar oganik ta fi yawan kitsen omega-3 da kimanin kashi 50 cikin 100. Babban dalili: shanun sun fi cin ɗanyar ciyawa. Amma ta gonar zamani ta fi aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, saboda ana zuba shi cikin abincin shanun. Kun ga kowacce da inda ta fi.

7/ Iyayenmu mata sun san rabin wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Man shanun damina ya fi na rani launin ɗorawa. Launin nan daga koren ganye yake zuwa, kuma jiki na mai da shi bitamin A.

8/ Amma kada mu ruɗi kanmu, nonon ruga bai zama oganik kai tsaye ba. Idan an yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, akwai kwanakin da ya kamata a daina shan nononta. Ɗanyen nono kuma yana iya ɗauko tarin fuka da bakkale. Shi ya sa a tafasa madara kafin a kwantar da kindirmo.

9/ Ita kuma madarar leda da muke zuba wa shayi, ku juya bayanta ku karanta. Da yawa an cire kitsen saniya an sa man itace, galibi na kwakwar manja. Ta fi arha, tana da amfaninta, amma ba daidai take da cikakkiyar madara ba, kuma ba abincin jariri ba ce.

10/ Ni dai abin da na fahimta shi ne, duk makiyayar da aka nome da duk rugar da aka tasa tsakanin Tsafe da Bungudu, ana rage saniyar da ke cin ciyawa, yaranmu kuma na ƙara dogaro da leda. In kun je sayen fura, ku tambayi mai nono: na shanu ne ko na gari aka dama? An tafasa? Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.