3.2 Zanen Nana Maryamu a Ƙasar Habasha a Ƙarni na 15

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan matsayin zanen ibada a ƙasar Habasha, musamman a zamanin Sarki Zara Yakob wanda ya yi mulki daga shekarar 1434 zuwa 1468. Ƙarshen mulkinsa ya zo daidai da farkon sarautar Muhammadu Rumfa a Kano, wato 1463.

Zara Yakob ya ɗaukaka sha'anin Nana Maryamu ƙwarai da gaske. Ya ba da umarni a riƙa karanta littafin mu'ujizozinta a coci-coci, a kuma riƙa sujada ga hotonta a ranakun bukukuwanta. Wannan umarni ya sa buƙatar hotuna ta ƙaru, masu zane suka sami aikin yi. Fitacce daga cikinsu shi ne wani rahibi mai suna Fire Siyon. Akwai wani zanensa a gidan ibada na Daga Istifanos da ke tsibiri a tafkin Tana, mai nuna Maryamu rungume da jaririnta, Annabi Isa. A jikin allon ya rubuta sunansa, abin da masu zanen Habasha ba su saba yi ba.

Sai dai ba kowa ne ya amince da wannan tsari ba. Wani rahibi mai suna Istifanos da almajiransa sun ƙi yin sujada ga hoton, sun kuma ƙi yi wa sarkin, bisa hujjar cewa Allah kaɗai ake yi wa sujada. A dalilin haka aka yi musu bulala, aka ɗaure wasu, aka kashe wasu. Waɗanda suka tsira sun fake a gidan ibada na Gunda Gunde a yankin Tigirai.

Daga baya, yaƙe-yaƙen Imam Ahmad Giraan daga 1529 zuwa 1543 sun jawo ƙone coci-coci masu yawa tare da kayayyakin cikinsu. Hotunan da suka wanzu galibi waɗanda aka ajiye ne a tsibirai da kan duwatsu masu wuyar hawa.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa zanen ibada a wancan zamani ya wuce ado. Shi ne ma'aunin da fada ta auna biyayyar mutane da shi, har wanda ya ƙi sunkuya masa ya iya rasa ransa.