Daga disfensa zuwa digiri: yadda ƙofar karatun harhaɗa magunguna ta sauya

Ɗalibin da ke neman gurbin karatun harhaɗa magunguna a yau yakan ɗauka cewa makin JAMB ne kaɗai ke tsakaninsa da burinsa. Tarihin fannin ya nuna cewa yawan gurbin da ake da shi ya daɗe yana rinjayar hazaƙar mai nema.

A zamanin Turawa, makarantar Yaba da ke Legas da ta Zariya, wadda aka buɗe a 1930, ba masana aka kafa su don su yaye ba. Gwamnati na buƙatar disfensa, wato ma'aikacin da zai auna garin magani, ya dama na ruwa, ya zuba a kwalba bisa umarnin likita. Ana ɗaukar ɗalibai gwargwadon yawan asibitoci da ɗakunan shan magani da ke jiran ma'aikata. Wanda ya samu shiga, aikinsa na jiransa.

Digiri ya zo daga baya. Jami'ar Ife ce ta fara shi a farkon shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a ƙarshensu. Da aka kafa JAMB a 1978 sai neman gurbi ya koma hannun hukuma guda, kuma daga 2005 jami'o'i suka ƙara nasu gwajin a kan nata. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shi ya sa makin da ya shigar da wani a Zariya zai iya barin wani a waje.

Akwai kuma shingen da iyaye ba su cika sani ba. Hukumar kula da aikin harhaɗa magunguna, PCN, tana ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, bisa yawan malamanta da ɗakunan gwajinta. A ganina wannan daidai ne, domin kuskuren mai haɗa magani a jikin mutum yake ƙarewa. Sai dai idan gurabe suka cika, hazaƙa ba ta ƙara kujera, kuma da yawa daga masu neman likitanci da suka rasa nan suke dawowa.

Ga ɗan Arewa, hukuncin yakan faɗo tun kafin JAMB. Ana buƙatar kiredit a Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Yarinyar da makarantarta ta sakandare ba ta da malamin fizis ta rasa gurbin tun tana aji huɗu, ko da ita ce ta ɗaya a ajinsu. Wadda ta tsallake kuwa, shekara biyar ke gabanta, ko shida a tsarin Pharm.D, sannan shekara guda ta horon aiki kafin a yi mata rajista.