BARIKI: YADDA ZAMAN SOJA KE GINA GARI, DA ABIN DA MANOMIN FUNTUA DA MALUMFASHI ZAI KOYA DAGA TARIHINSA

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Bari mu fara da tambaya. Idan kakarka ta ce "wane ya shiga bariki", me take nufi? Ba ta nufin ya ɗauki kaki. Tana nufin ya bar gida, ya tafi inda ba mai tsawata masa. Har karin magana muke da shi: bariki lahirar makwaɗaita. To amma asalin kalmar daga Turanci aka aro ta, kuma ma'anarta ta farko ita ce gidan sojoji. Ta yaya gidan sojoji ya zama sunan wata irin rayuwa sukutum? Amsar tana cikin tarihin garuruwan da aka girke soja a Arewa. Kuma wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen kudancin Katsina, domin a 'yan shekarun nan babu abin da ake yawan roƙon gwamnati a ƙauyukanmu kamar "a kawo mana soja".

Mu koma baya, kafin zuwan Turawa. Bayan jihadi, sarautar Haɓe ta Katsina da aka kora ta koma arewa ta kafa Maraɗi, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Daga can suka riƙa kawo hari ƙasar Katsina shekara da shekaru, musamman zamanin Sarki Ɗanbaskore a tsakiyar ƙarni na 19. Mahayansu sukan ratso ta dajin Rugu, su bugi garuruwa, su kwashi mutane da dabbobi, su koma. Ka ji sunan dajin? Shi ne dai wanda muke ji a labarai yau.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fuskanci irin wannan matsala a iyakokin Sakkwato, daga Gobirawa da Kabawa. Ya lura cewa fita yaƙi lokacin rani a dawo gida kafin damina ba ya hana hari. Sai ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato a kafa gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a ba su gonaki, a gina masallaci, a naɗa musu shugaba. Shi da kansa ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Ku riƙe wannan: mai tsaron ribaɗi manomi ne. Idan aka ƙone gona, tasa aka ƙone. Idan aka sace yaro, nasa aka sace. Ba ya jiran a aiko masa da umarni daga nesa kafin ya tashi.

Sai Turawa suka zo da nasu salon. A Legas, a 1863, wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa ya ba su bindiga. Daga wannan shekara rundunar sojan Najeriya ke ƙirga shekarunta har gobe. A ƙarshen shekarun 1890 Lugard ya haɗa rundunar da aka fi sani da WAFF, mafi yawan sojanta Hausawa da Yarabawa. Da ita aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, Katsina kuma ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba.

Duk inda wannan runduna ta yada zango, sai gari ya tashi. Lokoja ce farko, inda aka kaɗa tutar mulkin Arewa ranar 1 ga Janairu 1900. Daga nan Zungeru ta zama hedikwata a 1902. Sannan Kaduna. Matasa da yawa ba su san cewa Kaduna ba tsohon birni ba ce kamar Kano ko Zariya. Wajen 1912 zuwa 1913 aka fara kwaso sojoji zuwa bakin kogin, kusa da layin dogo, kuma zuwa 1917 hedikwatar gwamnati ta bar Zungeru ta dawo nan. Soja ne ya riga gwamna isa Kaduna.

Me ya faru da Zungeru bayan an kwashe? Ta koma ƙaramin gari. Ka je yau, kufan gine-ginen Turawa za ka gani. Darasi na farko ke nan: garin da soja kaɗai ya riƙe shi, ranar da aka busa ƙaho aka tafi, kasuwarsa ma sai ta bi su.

Yanzu ga amsar tambayarmu. Soja a wancan zamani yana da abin da talaka ba shi da shi, wato albashi na tsabar kuɗi duk wata. Inda kuɗi yake, nan ake taruwa. Masu tuwo-tuwo, mahauta, teloli, masu wanki, makaɗa, masu burkutu, matan da suka gudo daga auren dole, bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, kowa ya nufi gefen sansanin. Wurin ba ya ƙarƙashin idon liman ko mai unguwa kamar cikin birni. Da tafiya ta yi tafiya, duk unguwar ma'aikatan Turawa da baƙi aka riƙa ce mata bariki, mazauninta kuma ɗan bariki. Har harshe wurin ya haifar: Barikanci, wata gurɓatacciyar Hausa da soja daga ƙabilu daban-daban ke magana da ita a tsakaninsu. Kalmomin soja, kofur, saje, samanja, hafsa da fareti duk ta wannan ƙofa suka shigo mana.

Garin soja mafi kusa da mu shi ne Zariya, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Funtua. A 1924 aka kafa Defo, inda ake horar da kuratan soja. Shekara ɗari ke nan, duk ɗan Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja da ya shiga soja a matsayin kurtu, galibi ta nan ya bi. A 1954 aka buɗe makarantar yara ta soja a garin. Gaba kaɗan a hanyar Kaduna akwai Jaji, inda aka kafa kwalejin horar da manyan hafsoshi a 1976. Kaduna kuma ta samu NDA a 1964.

Ko sunayen barikokin ma tarihi ne. Barikin Chindit na Zariya ya samo suna daga wata rundunar Ingila da ta yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai sojan Najeriya a cikinta. Barikin Kalapanzin na Kaduna sunan wani kogi ne a can Bama. Barikin Bukavu na Kano sunan wani gari ne a Kwango, inda sojanmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960. Wasunmu sun tashi sun tarar da wani tsoho a unguwa ana ce masa ɗan Bama. To irin su ne suka jiƙa waɗannan sunaye da guminsu da jininsu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake sauya komai. An shiga yaƙin da soja kimanin 10,000, aka fito da kusan 250,000. Barikokin da ake da su ba su ɗauke su ba. Sai aka baza su garuruwa, wasu suka kama haya cikin unguwanni, suna cuɗanya da jama'a. An yi auratayya, an yi ciniki, an kuma yi rigingimu. Ka tambayi dattawan da suka ga farkon shekarun 1970, za su ba ka labarin duka biyun.

To ina Funtua da Malumfashi a cikin wannan labari? Abin lura shi ne ba soja ne ya gina su ba. Funtua auduga da jirgin ƙasa ne suka ɗaga ta. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya wuce Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injin gurza, 'yan kasuwa da leburori suka cika garin, har ta shafe tsohuwar Maska, ko da yake har yau hakiminta Sarkin Maska ake ce masa. Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ce, ita ma auduga da hatsi suka riƙe ta. Shekaru masu yawa, manomin wannan yanki ba ya ganin soja sai a shingen hanya, ko ranar da ɗansa ya zo hutu daga Zariya. Babban bariki yana Katsina, a Natsinta, can arewa. Ba a ga dalilin girke runduna a ƙasar masara da dawa ba, tunda lafiya lau ake kwana a gona.

Sai zamani ya juya. Satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari, suka kashe mutum fiye da 40. Wata guda bayan nan, ranar 6 ga Yuli, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya zo Faskari ya yi bikin ranar soja a wani babban sansani da aka kafa a can, ya kuma ƙaddamar da wani sabon farmaki a kan 'yan bindiga. Jama'a suka yi murna, aka ce an kusa hutawa.

Bayan wata biyar, daren 11 ga Disamba 2020, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai fiye da 300. Ƙanƙara maƙwabciyar Faskari ce. A Satumban 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtua da Malumfashi. A watan Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙasar Malumfashi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake soja ba su yi komai ba. An kashe sojoji da dama a dazukan nan, 'ya'yan talakawa ne kamar mu, wasu ma ko aure ba su yi ba. Abin da nake cewa shi ne sansani daban, garin soja daban. Sojan sansani an turo shi ne na ɗan lokaci. Iyalinsa suna Jos ko Ibadan. Kafin ya gane wace hanya ce ke ɓullewa Sabuwa, wace ce ke shiga dajin Birnin Gwari, an sauya shi an kawo wani. Ɗan bindiga kuwa a dajin ya girma. Ga kuma matsalar nisa: ƙauyen da ke bayan rafi, damina ta yanke hanyarsa, ko an kira soja kafin mota ta isa an gama ɓarna.

Zaman dindindin ma yana da nasa farashin, kada mu ruɗi kanmu. Bariki fili yake ci, kuma a yankinmu fili gona ce. Wa za a karɓe wa, nawa za a biya shi? Sannan idan babu mai taka wa mai bindiga burki, maƙwabcinsa ne ke shan wahala. Zariya ta ga haka a Disamban 2015, lokacin rikicin soja da mabiya Shi'a, inda kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da an binne gawa 347 a kabari ɗaya. Legas ta ga wani nau'in a Janairun 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutum fiye da 1,000 suka halaka.

Idan ka jera waɗannan duka, abin da ya fito fili shi ne tsaro ya fi ɗorewa a inda mai gadi da wanda ake gadi suke da abin da za su rasa tare. Shi ne sirrin ribaɗi. Wani ɓangare na wannan tunani ne ya sa gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, inda aka ɗauki matasa daga garuruwan da abin ya shafa. Sun san daji, sun san mutane. Amma su ma sai da horo da doka, domin mun ga yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani ta ƙara rura wutar nan a baya.

Saboda haka duk ranar da ɗan siyasa ya zo ya yi alƙawarin kawo soja garinku, kada tafi ya hana ku tambaya. Za su zauna ne ko wucewa za su yi? Za a gyara hanyar da za su bi su isa ƙauye cikin watan Agusta? Idan soja ya zalunci mutum, wa za a kai wa ƙara? Gonar wa za a ɗauka? Manomi ba fareti yake nema ba. So yake ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, ya girbe masararsa ya kai kasuwar Ɗandume ko ta Funtua ba tare da ya biya ɗan bindiga harajin girbi ba.

Ku da kuke Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Bakori, Ƙanƙara da Ƙafur, ku kuka fi mu sanin abin da ya sauya da abin da bai sauya ba tun da aka kawo soja kusa da ku. Muna so mu ji daga bakinku. Wanda kuma yake da kaka ɗan Bama ko tsohon sojan basasa da ke raye, ya zauna da shi ya naɗi labarinsa a waya tun kafin lokaci ya ƙure.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.