Notropis chrosomus

Notropis chrosomus wani ƙaramin kifi ne na ruwan daɗi da ke rayuwa a ƙoramu na kudu maso gabashin Amurka. A Turance ana kiran sa rainbow shiner saboda launukansa masu kama da bakan gizo. Yana cikin dangin Leuciscidae, kuma tsawonsa ba ya wuce kimanin santimita 8. An fi sanin sa da abu biyu: yadda yake zuba ƙwansa a sheƙar wani kifi dabam, da kuma farin jininsa a wurin masu kiwon kifin ado.

Suna

Masanin kifaye ɗan Amurka David Starr Jordan ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a shekarar 1877. Kalmar chrosomus ta fito ne daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "launi" da "jiki". Wasu jerin sunaye na baya-bayan nan sun mayar da shi cikin jinsin Hydrophlox, wanda ma'anarsa ita ce "harshen wuta na ruwa".

Mazauni da kamanni

Asalin mazauninsa shi ne yankin kogin Mobile, musamman rassan kogunan Coosa, Cahaba da Alabama, a jihohin Alabama, Jojiya da Tenesi. Ya fi son ƙananan ƙoramu masu ruwa garau, masu gudu a kan tsakuwa da yashi. Yana yawo ne a garke, kuma yawancin abincinsa ƙwari ne da tsutsotsinsu.

A mafi yawan shekara launinsa ba ya da ƙarfi sosai. Idan lokacin haihuwa ya zo, jikin namiji yakan rikiɗe zuwa ja da ruwan hoda mai ratsin shunayya, kansa da fikafikansa kuma su yi shuɗi mai ƙyalli. Mace ta fi shi kauri, launinta kuma bai kai nasa ba.

Haihuwa

Yana hayayyafa galibi a watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwa ya fara ɗumi. Ba ya gina sheƙa da kansa. Ya dogara ne da wasu kifaye da suka fi shi girma, musamman Nocomis leptocephalus. Namijin wannan kifi yana ɗauko tsakuwa ɗaya bayan ɗaya da bakinsa, ya tara ta har ta zama tudu a ƙasan ƙorama domin matansa su zuba ƙwai.

Da tudun ya kammala, sai garken Notropis chrosomus ya taru a kansa. Mazan kan yi ta gogayya a kan wuri mafi kyau, matan kuma su shigo su zuba ƙwai, mazan su barbare su nan take. Ƙwan yakan faɗa tsakanin duwatsun, inda ruwa mai gudu ke kai masa iskar oksijin, yayin da mai sheƙar ke ci gaba da ƙara tsakuwa yana hana laka taruwa. Masana na ganin shi ma mai sheƙar yana amfana, domin idan ƙwan baƙi ya yi yawa, mai cin ƙwai ba lalle ne ya faɗa kan nasa ba.

Kiwo a tankin gilashi

Kifin ya samu karɓuwa a wurin masu kiwon kifin ado, musamman a Turai, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a can an ƙyanƙyashe su ne a tanki. Ana ajiye su a garke na aƙalla shida, a tanki mai tsawo da murfi, domin suna tsalle. Suna buƙatar ruwa mai tsabta, mai motsi da sanyi. Zafi mai ɗorewa yana gajarta rayuwarsu, shi ya sa kiwonsu ke da wuya a ƙasashe masu zafi in babu na'urar sanyaya ruwa.

Don su hayayyafa, masu kiwo kan kwaikwayi sheƙar ta hanyar sanya kwano cike da tsakuwa a inda ruwa ke gudu. Bayan an zuba ƙwai sai a ɗauke kwanon zuwa wani tanki, domin iyayen na cinye ƙwansu. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, gwargwadon ɗumin ruwa, kuma ana fara ciyar da 'ya'yan da ƙananan halittun ruwa.

Kariya

Ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin nau'o'in da ba sa fuskantar barazanar ƙarewa a yanzu. Duk da haka, zaizayar ƙasa daga gonaki da gine-gine na cika ƙoramu da laka, wadda ke rufe tsakuwa ta shaƙe ƙwai. A ƙoramar da kifi mai gina sheƙa ya ɓace, Notropis chrosomus ma yakan rasa babban wurin haihuwarsa.