Gombe Abba, Birnin da Hanya Ta Kauce wa

Attajiran Turai, idan lokacin hutunsu ya kama, sukan ƙetare teku zuwa tsibiran Bahar Rum suna neman wani lungu da taron 'yan yawon buɗe ido bai tattake ba, kuma galibi abin da suke tararwa ƙauye ne wanda fatauci ya daina bi ta kansa tun zamanin kakanni. Mu mutanen unguwar Kumbiya-Kumbiya ta garin Gombe, da muke kwana muna tashi cikin rurin babura da cinkoson kasuwa, muna da irin wannan wuri, wato Gombe Abba, a ƙasar Dukku, a gaɓar kogin Gongola, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sa ƙafa a cikinsa.

A nan ne Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓi tuta a jihadin da ya tashi a 1804, ya kafa hedkwatar masarautarsa bayan shekaru na yaƙi da ƙaura, ya zauna yana hukunci da karantarwa har Allah Ya yi masa rasuwa a 1841, kuma a nan hubbarensa yake. Zuriyarsa suka gaji sarauta a cikin garin, malamai da fatake suna shiga suna fita, har Nasara suka ci ƙasar, waɗanda ba tarihi ne damuwarsu ba, sauƙin tafiyar da mulki da karɓar haraji suke dubawa. A 1913, zamanin Sarki Umaru Kwairanga, aka mai da fada Nafada. Ba a daɗe ba, a 1919, aka sake ɗauke ta zuwa Doma, wato wannan Gombe da muke ciki. Auduga da gyaɗa suka bi sarki, jirgin ƙasa ya biyo su, daga bisani kuma, a 1996, garin ya zama babban birnin jiha.

A ganina, wannan ƙaura da ta rage wa Gombe Abba daraja ita ce ta kiyaye mata kamanninta, domin da fada ta tsaya, da tuni shaguna da gidajen haya sun cinye filinta. Wanda ya je da rani zai tarar da kogin ya janye ya bar yashi shimfiɗe, makiyaya na gangaro da shanu mashaya, masu lambu na ban ruwa a fadama. Idan ya isa hubbare kuwa, sai ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ga mazauna kaburbura, ya roƙa musu rahama kamar yadda sunna ta koyar. Masu zuwa ziyara ba su saba neman ɗakin haya ba. Baƙo yakan fara da gaida dattawan gari, ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi, su kuma su haɗa shi da wanda zai yi masa jagora.