Daga Keson Wuri Zuwa Ƙarar Alat: Yadda Muke Auna Kasuwar Mako a Ƙasar Roni

Duk wanda ya tashi a Roni, ko a wani ƙauye tsakanin duwatsun Kazaure da iyakar Katsina, ya san tambayar da ake tarar mai dawowa daga kasuwa da ita da la'asar sakaliya: "Yaya kasuwa?" Amsar kullum ɗaya ce, "Alhamdu lillahi." Sai dai mai tambayar idonsa na wani wurin. Yana duba ko akuyar da aka ja da safe ta biyo mai ita gida, ko buhun ya dawo a naɗe a hammata, ko akwai ƙunshin tsarabar yara. Da wannan yake gane ko makon ya yi albarka. Mu dai tun kaka da kakanni da mako muke auna samunmu, domin kasuwa mako-mako take ci, yau a wannan gari gobe a wancan, har kwana bakwai su zagayo.

Abin sha'awa, a can wata duniyar ma masu lissafi sun taɓa riƙon mako a matsayin ma'auni. A Amurka, bayan an kafa babban bankin ƙasar a 1913, an shiga tattara jimlar kuɗin da aka fitar daga asusun mutane da kamfanoni a kowane mako, kuma daga 1919 lissafin ya haɗa birane 141. Jaridu kan buga adadin, su gwada shi da na makon jiya da na irin makon a bara. Dalilinsu mai sauƙi ne. Kuɗin da ke kwance a asusu barci yake yi. Wanda ya fita shi ne ya sayi kaya, ya biya lebura, ya sauke bashi. Idan fitar ta ƙaru a wani birni, to, gari ya motsa. Ma'aunin ya yi musu aiki ne saboda kusan duk wani babban ciniki a can da caki ake yin sa. Mu kuwa, tafiyar da muka yi kafin littafin banki ya fara ganin cinikinmu doguwa ce, kuma ita za mu waiwaya.

A zamanin da Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure, wajen 1819, kuɗi abu ne da ido ke gani, wuya kuma ke ji. Wuri ne, kuma daga jam'insa muka samo kalmar kuɗi kanta. Ana zube shi a tabarma ana jan biyar-biyar da yatsu, ashirin hauya, dubu zambar, zambar ashirin keso guda. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar dalar azurfa ɗaya tana kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta sayar a waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300. A ƙananan kasuwanni irin namu ba a bukatar Bature ya yi ƙiyasi. Sarkin kasuwa ya san jakuna nawa suka shigo, dillalin kara ya san shanu nawa suka sauya hannu daga la'adar da ya tashi da ita, sarkin fawa ya san ko an yanka sa biyu ko an haƙura da tunkiya. Littafin yana cikin kawunansu.

A ƙarshen wancan ƙarni wuri ya yi yawa har ya zube. 'Yan kasuwar Turai sun yi ta sauke shi jirgi-jirgi a bakin teku, ya malalo Arewa, har ta kai ɗaukarsa zuwa nesa na neman cinye darajarsa. Wanda ya ƙirga kesuna a lokacin zai ce kasuwa ta bunƙasa, alhali geron da ke shigowa bai ƙaru ba. Mu riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Turawa suka ci Kano a 1903, suka hana shigo da wuri a 1904. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, sai ga sule da sisi da taro da kwabo da anini mai huji. Abin da ya dasa su a hannun talaka haraji ne da jangali, domin baitulmali ba ta karɓar dami. Shi kuwa sulen biyan haraji a gyaɗa yake. Nan ne lissafinmu ya sami sabon zubi: mako na nan, amma kaka ta hau kansa. Da an fara saye, kamfanoni irin su John Holt da UAC sukan ciro kuɗi daga banki a Kano su ba manyan wakilansu, wakilai su ba 'yan baranda, su kuma su bazu ƙauyuka da sikeli da buhuna. Manomi ya fi yarda da azurfa mai ƙara a kan takarda, don gara ba ta cin ta, gobara ba ta lashe ta. Har yau ana ba da labarin yadda Alhassan Ɗantata ya kai wa banki a Kano kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin a 1929.

A nan ne gumin manomin Roni ya fara shiga littafin banki, amma da sunan wani ya shiga, a garin wani. Akawun da ke Kano zai rubuta cewa kamfani kaza ya fitar da fam kaza a wannan mako. Daga nan kuɗin ya ɓace masa. Bai ga shigarsu aljihun manomi ba, bai ga sun zama ɗan maraƙi ba, ko tasoshin jeren amarya, ko sun kwanta a tukunya ƙarƙashin gado. Sai lokacin haraji wani kaso ya komo. Ma'aunin da kowa ke iya karantawa a wancan zamani shi ne dalar gyaɗa: in ta yi tsawo a Kano, an san ƙauye ya ga kuɗi, za a yi aure da yawa bana.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, Bankin Arewa ya buɗe a Kano a daidai wannan tsakani, aka canja takardun kuɗi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, naira da kwabo suka karɓi fam da sule ranar 1 ga Janairun 1973. Duk wannan bai sauya wa ɗan ƙauye wurin ajiya ba. Abin da ya sauya rayuwarsa farin 1973 ne da cutar da ta kwantar da gyaɗa a 1975, a daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashin Udoji ke cika aljihun ma'aikata a birni. Dalar gyaɗa ta rushe, man fetur ya zama uban tafiya. A 1977 Babban Banki ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara, aka sami 'yan gine-gine a wasu hedikwatocin ƙananan hukumomi, amma galibin masu shiga malaman makaranta ne da ma'aikatan hukuma. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano bayan hawansa a 1979, talaka ya huta, kuma ya cancanci hutun. Sai dai, in za mu faɗi gaskiya, da su aka rufe littafi ɗaya tilo da ke kaiwa kowace unguwa yana ƙirga magidanta da shanunsu.

Sau ɗaya banki ya leƙa ƙarƙashin gadonmu a wancan zamani, a Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canja launin naira, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba. Dattawa na tuna dogayen layuka, da kuɗin da suka fito daga rufin ɗaki suna warin hayaƙi. Da wa'adi ya wuce, sababbin suka koma inda tsofaffin suka fito.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a Agustan 1991 ya kawo sakatariyoyi da ma'aikata da 'yan kwangila. Da a ce wani ya bi fitar kuɗi daga rassan bankin yankin nan a shekarun da suka biyo baya, da zanen da zai samu na wata ne: kwana ashirin da 'yan kai shiru, sai albashi ya sauka, layi ya miƙe har titi, cikin kwana uku asusu ya koma fayau. Ma'aikacin Roni ko Gwiwa kan hau mota zuwa Kazaure ya kwashe nasa gaba ɗaya. Wannan numfashin gwamnati ne. Kasuwa tana can tana nata. A Maigatari kowace Alhamis miliyoyi na sauya hannu a kara, daga aljihun 'yar shara zuwa aljihun 'yar shara, banki bai sani ba. Bankunan al'umma da aka fara a 1990 da yawansu ba su yi ƙarko ba. Haɗakar 2005 ta mai da bankuna 89 zuwa 25, Bankin Arewa ya narke cikin bankin Unity. Ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa, wadda ta hana mutane da yawa kusantar ƙofar tun farko, kuma sai a 2012 bankin Jaiz, marar kuɗin ruwa, ya fara aiki. Adashi da kiwo su suka ci gaba da riƙe mana dukiya.

Abin da ginin banki ya kasa cikin shekara tamanin, wayar hannu ta yi shi cikin ashirin. Ta shigo a 2001. A 2011 aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, a 2013 aka ba da ƙa'idar wakilan banki, a 2014 aka kawo lambar BVN. Sannu a hankali sai ga matashi ƙarƙashin laima a bakin tasha da 'yar na'urar POS. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal, wanda a da sai ya jira direban da ya yarda da shi ya ba shi saƙo a ambulan, yanzu da dare zai tura, da safe tsohuwa ta aiki jika ya karɓo. Kalmar alat, wato saƙon banki a waya, ta shiga bakin wanda bai taɓa taka makarantar boko ba.

Sannan aka zo 2023, shekarar da ba sai an tuna wa kowa ba. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, yana kafa hujja da cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 na wajen bankuna. Aka mayar da tsofaffi, sababbi suka ƙi wadata. A Fabrairun 2023 mun ga abin da ba mu taɓa gani ba: ana sayen naira da naira. Akuya ta zama mai farashi biyu, na tsaba da na tiransifa. Mai tumatur ya wuni ya zubar, mai ƙosai ta daina fita, a garuruwan bakin iyaka wasu suka koma ciniki da sefa. Mai hatsi da mai saye suka riƙa tsayawa suna zura wa waya ido, an cire a nan ba a gani a can ba. Mutanen da suka rantse ba su ba banki, suka buɗe asusu dole, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki.

A waɗannan makonni tura kuɗi ta waya ya yi tashin da bai taɓa yi ba a ƙasar nan. Wanda ke zaune a ofis yana karanta adadin da ya fita daga asusu zai rantse kasuwa ta haukace da ciniki, alhali a Babura da Roni kasuwa kwance take. Cinikin bai ƙaru ba, hanya ya sauya. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka kuma rufe iyakar Nijar daga Agusta har zuwa Maris na 2024, farashi ya yi sama, adadin nairar da ke fita ya bi shi, mudun da ke shiga gida kuwa ya ragu. Labarin keson wuri ne ya dawo da sabuwar riga. Akwai ma wani ruɗin: buhun riɗi ɗaya na iya haifar da alat huɗu, daga ɗan kasuwar Dawanau zuwa yaronsa, zuwa mai POS, zuwa dillali, zuwa manomi. Buhun dai ɗaya ne.

Duk da haka, ba a taɓa samun lokacin da sawun kuɗinmu ya fito fili kamar yau ba. Matsalar ita ce inda sawun ke taruwa. Alƙaluman da ake wallafawa na ƙasa baki ɗaya ne, galibi wata-wata, daga Legas da Abuja, kuma asusun mutumin Gwiwa na iya kasancewa a bankin da ba shi da ko rumfa a Jigawa. Wanda ya fi kowa sanin makon Roni a yanzu shi ne mai POS da littafinsa na makaranta mai layi-layi. Ya san jajiberin kasuwa masu saye ke cira, ranar kasuwa da yamma masu sayarwa ke zubawa. Ya san makon taki da makon Sallah, ya san makon da ci-rani ya yi kyau da wanda wayoyi suka yi shiru. Kujerar sarkin kasuwa ta lissafi ta dawo hannunsa ba tare da an naɗa shi ba.

Littattafan nan kuwa da sun cika ake yar da su, ko a naɗe gyaɗa da takardunsu. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Kiranmu gare su da malamansu shi ne su zaɓi masu POS goma-goma a Roni da Gwiwa da Babura da Kazaure, su riƙa karɓar jimlar shiga da fita kowane mako ba tare da sunan kowa ba, su ajiye ta gefe da farashin tiyar gero na wannan makon. Su fara daga kakar bana.