Farin Oak a Hannun Kafintocin Amurka

Farin oak bishiya ce ta dazuzzukan gabashin Amurka, kuma darajar katakonsa ta samo asali ne daga abin da ido ba ya gani. Ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi a cikin itacen sukan toshe da kansu yayin da bishiyar ta manyanta, sai zuciyar katakon ta daina shan ruwa. Ɗan'uwansa jan oak ba haka yake ba: kafinta kan yanki guntunsa, ya tsoma baki ɗaya a ruwa, ya hura ɗayan, sai kumfa ta taso. Da farin oak ko an hura har kunci ya gaji, ba abin da zai fito.

Masu sassaƙa jiragen ruwa sun daɗe suna cin moriyar wannan hali. Jirgin yaƙin nan Constitution, wanda aka saka a ruwa a Boston a 1797, da farin oak aka lulluɓe jikinsa, kuma har yau rundunar sojan ruwan Amurka tana da kurmi a jihar Indiyana da ta keɓe domin gyaransa. Katakon yana da nauyi da tauri, amma idan ya sha tururi yakan tanƙwaru ba tare da ya karye ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 ya yi tashe a kayan ɗaki. Masana'antun kujeru da kabad, irin na garin Grand Rapids, suka riƙa shafa masa fenti mai ruwan zinariya suna cika kasuwa da shi, mai kyau da marar kyau. Wanda ya dawo masa da mutunci shi ne mai haɗa kayan ɗaki Gustav Stickley, da ya kafa mujallar The Craftsman a 1901. Kayansa ba ado, ba sassaƙen furanni, mahaɗar katako a fili take kowa ya gani. Ya fi son katakon da aka tsaga gungumensa gida huɗu kafin a yanka, ta yadda zarto zai ratsa zoben shekarun bishiyar a tsaye. Wannan yanka yana ɓarnar itace da lokaci, shi ya sa yake da tsada, amma allon ba ya saurin lanƙwashewa in yanayi ya sauya, kuma wani zane mai sheƙi yakan bayyana a fuskarsa. Maimakon fenti, akan rufe kayan a ɗaki da tururin amoniya, sai launinsu ya koma ruwan ƙasa tun daga ciki. Sinadarin tanin ne ke haddasa haka, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi ne kuma ke sa ƙusar baƙin ƙarfe ta bar baƙin tabo in danshi ya taɓa ta, don haka kafintan da ya san aikinsa da tagulla yake ɗaure farin oak. Stickley ya karye a 1915, yayin kayan ya wuce, sai a shekarun 1970 masu tara tsofaffin kaya suka sake nemansu.

Yanzu masu haɗa ganga ne ke rububin gungume mafi kyau, domin dokar Amurka ta wajabta a adana barasar bourbon a sabon mazubin oak da aka babbake cikinsa. Masu shimfiɗa daɓen katako ma suna neman rabonsu. Damuwar masu kula da daji ita ce manyan bishiyoyi suna nan da yawa, amma ƙananan da za su gaje su ba sa samun hasken rana a ƙarƙashin inuwar wasu itatuwa, ga shi bishiyar takan kwashe shekaru masu yawa kafin ta isa yanka.